Ciwon Hantsa a Shanun Tatsa: Dalilin da Ya Sa Yake Dawowa Bayan An Yi Allura

Wani bawan Allah da ke kiwon shanun tatsa a wajen Kumbotso ya aiko da tambaya. Ya ce shanunsa tara ne, shida daga cikinsu haɗin Bunaji da Firisiyan (shanun Turai masu yawan madara), kuma akwai wata saniya da sashen hantsarta na baya ya kumbura har madarar ta riƙa fitowa da gudaje. Ya yi mata allura ta samu sauƙi, bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, yanzu kuma madarar garken gaba ɗaya ta ragu, mai sayen madara ma ya fara ƙorafin cewa ba ta yin kindirmo yadda ta saba. Yana son sanin abin da ke kawo ciwon, yadda zai gane shi, da kuma allurar da ta fi ƙarfi.

Malam, Allah ya ba wannan saniya lafiya, ya kuma sa wa garken albarka. Zan fara da faɗa maka abin da ya fi muhimmanci tun kafin mu shiga bayani: saniyar da ta kumbura ita ce idonka ya gani, amma bisa ga abin da ka bayyana, akwai alamar cewa ciwon ya riga ya shiga hantsar wasu daga cikin sauran ba tare da sun nuna komai ba. Saboda haka neman allura mai ƙarfi ba zai fitar da kai ba. Abin da zai fitar da kai shi ne ka gwada kowace saniya, ka gyara yadda ake tatsa, sannan magani ya biyo baya.

Hantsar saniya sashe huɗu ce, kowane sashe a rabe yake da ɗan'uwansa, kuma madarar wannan ba ta haɗuwa da ta wancan a ciki. Wannan ne ya sa sashe ɗaya kan kamu sauran ukun suna lafiya. Kusan duk ƙwayoyin cutar da ke kawo wannan ciwo ta ƙofa ɗaya suke shiga, wato ramin da ke kan nono, wanda tsawonsa bai wuce kimanin santimita 1 ba. Allah ya yi wa wannan rami tsoka mai tsuke bakinsa da kuma wani maiƙo mai kauri a ciki da ke tare ƙwayoyin cuta. To amma duk lokacin da aka gama tatsa, ramin yakan zauna a buɗe na aƙalla minti 30, wani lokaci har ya haura awa guda, kafin ya koma ya rufe. Idan a wannan tsakani saniya ta kwanta a cikin kashi da fitsari, ko ƙuda ya sauka a kan ɗigon madarar da ya rage, ko kuwa hannun mai tatsa ya bar ƙwayar cuta a bakin ramin, to an buɗe wa ciwo hanya. Da ƙwayar ta shiga, jiki sai ya turo fararen ƙwayoyin jini da yawa domin su yaƙe ta, kuma wannan faɗan ne ke haifar da kumburi da zafi da gudajen da ka gani.

Ƙwayoyin da ke kawo ciwon gida biyu ne, kuma sanin gidan da kake fama da shi ne ke nuna inda za ka sa ƙarfinka. Gida na farko su ne waɗanda mazauninsu hantsar saniya mai ciwo da fatar kan nono, kuma a lokacin tatsa suke tashi daga wannan saniya zuwa waccan. Babba a cikinsu ita ce Istafilokokus oriyos, sai Istireptokokus agalaktiya, sai Maikofilazma wadda kusan ba ta jin magani ko kaɗan. Abin hawansu hannun mai tatsa ne, da tsumma ɗaya da ake goge hantsar shanu duka da shi, da robar injin tatsa ga wanda yake da inji. Gida na biyu su ne na muhalli, irin su Ikolai da Kilebsiyela da Istireptokokus uberis, waɗanda ke rayuwa a cikin kashin shanu da laka da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, suna shiga tsakanin tatsa da tatsa. Waɗannan sukan yi yawa da damina, musamman a watan Agusta lokacin da turke ke zama caɓi. A nan zan ja kunnen masu ɗebo garin katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa suna shimfiɗa wa shanu: yana da taushi kuma yana da araha, amma da zarar ya jiƙe ya zama matattarar Kilebsiyela. Busasshen yashi ya fi shi aminci nesa ba kusa ba, domin babu abin da ƙwayar cuta za ta ci a cikinsa.

Ciwon da ke lafawa bayan allura ya sake dawowa a sashe ɗaya, kamar yadda ka bayyana, ya fi kama da aikin Istafilokokus, ko da yake gwaji ne kaɗai zai tabbatar. Wannan ƙwaya tana kutsawa can cikin naman hantsa ta yi ƙananan marurai, jiki ya zagaye su da tabo mai tauri, har ma takan ɓuya a cikin fararen ƙwayoyin jinin da aka turo su kashe ta. Magani yana kashe waɗanda ke yawo a cikin madara, kumburi ya saɓe, mai shanu ya ɗauka an warke, alhali na cikin maruran suna nan suna jiran saniya ta gaji ko ta haihu su sake fitowa.

Akwai kuma abubuwan da ba su ne ciwon ba amma su ke share masa fage. Da hunturu fatar kan nono tana bushewa ta tsattsage, kuma kowace tsaga wurin zaman ƙwayoyin cuta ce. Cizon kaska, da yankan waya ko ƙaya, da ƙurajen da ciwon baki da kofato ke fitarwa a kan nono, duk haka suke. Tatsa da ɗan yatsa da babban yatsa ana fizgar kan nono ƙasa tana raunata ramin, ita kuwa ɗabi'ar tsoma yatsu a cikin ƙwaryar madara domin hannu ya yi santsi, ita ce hanya mafi sauri ta raba ciwo ga garke. Shanunka na haɗi sun fi Bunaji zalla shiga haɗari, saboda sun fi ba da madara, hantsarsu ta fi girma ta fi kusa da ƙasa, zafin bazarar Kano da ke haura digiri 40 kuma ya fi gajiyar da su. Tsohuwar saniya da ta yi haihuwa da yawa ta fi karsana kamuwa, kuma lokutan da suka fi haɗari su ne makonni 2 zuwa 3 na farko bayan an daina tatsarta, da kuma kwanakin da ke kewaye da haihuwa.

Batun ganewa kuwa, ciwon da ya bayyana ba ya da wahala. Sashen yakan kumbura, ya yi zafi da tauri, saniya ta riƙa harbi idan an taɓa, madara ta yi gudaje ko ta tsinke ta zama ruwa-ruwa, ko ta fito da mugunya ko jini. Ka samu baƙin kofi ko baƙin faranti, ka sa a riƙa tatsa tsirtuwa 2 ko 3 na farko daga kowane kan nono a kai kafin a fara tara madara, domin a kan baƙin abu ko ɗan tsaki-tsakin da ido ba zai gani a ƙwarya ba yana fitowa fili. Kada a zubar da wannan madarar a ƙasan turke ko a tafin hannu. Bayan an gama tatsa kuma, a lokacin da hantsa ta yi laushi, ka shafa kowane sashe da hannu biyu ka kwatanta shi da na gefensa, za ka ji ƙullutu ko tauri idan akwai tsohon ciwo. Ka lura dai, kumburin da ke zuwa wa karsana dab da haihuwa, wanda ya game hantsar duka, ba shi da zafi, kuma yatsa ke lotsawa a ciki, taruwar ruwa ce kawai wadda kan wuce da kanta.

Akwai nau'in da ba a jira da shi. Idan saniya ta daina cin abinci, ta daina tuƙa, idonta ya faɗa, ta kama zawo, madararta ta koma ruwa mai launin rawaya, zafin jikinta ya haura digiri 39.5 alhali na lafiya tsakanin 38 da 39 da 'yar ɗoriya yake, to gubar ƙwayoyin cutar ta shiga jini, kuma saniya na iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka nan idan sashen ya yi sanyi ya fara sauya launi zuwa shuɗi ko baƙi, naman ne ke mutuwa. A irin wannan hali a nemo likitan dabbobi a ranar, ko da dare ne, domin ƙarin ruwa da maganin rage kumburi ne ke ceton ranta tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Amma inda asararka take shi ne ciwon da ke ɓoye. Hantsa lafiya a ido, madara fara tas, saniya tana cin dusarta, amma a ciki ana faɗa, kuma ƙwayoyin da ke yin madara suna lalacewa sannu a hankali. Madarar lafiyayyen sashe ba ta cika wuce fararen ƙwayoyi 100,000 a kowace mililita ba, idan kuwa suka haura 200,000 ana ɗauka akwai ciwo. Tarayyar Turai ba ta yarda a sayar da madarar garken da ta wuce 400,000 ba. Irin wannan madara sukarinta da sinadarin da ke sa ta daskarewa suna raguwa, gishirinta yana ƙaruwa, shi ya sa tsofaffin masu tatsa kan ce nonon wance ya yi gishiri-gishiri, kuma shi ya sa kindirmo kan tsinke ya ƙi kamawa. Ka yi lissafi da kanka: idan saniyar da ke ba da lita 10 ta koma lita 8, lita 60 ke nan a wata daga saniya ɗaya, ba tare da ka taɓa ganin kumburi ba.

Hanyar kama shi mai sauƙi ce, kuma ina mamakin yadda har yanzu masu shanu da yawa a Kano ba su da kayanta. Ana kiranta gwajin Kalifoniya, a jikin kwalbar za ka ga an rubuta CMT, kuma masana biyu, Schalm da Noorlander, su suka fito da shi a shekarar 1957. Kayan aikin farin faranti ne mai mariƙi da gurbi huɗu, sai kwalbar ruwan gwaji mai launin shunayya. Za ka zubar da tsirtuwar farko, ka tatsa kowane kan nono a gurbinsa, ka karkata farantin har abin da ya rage a kowane gurbi ya zama kimanin mililita 2, ka zuba ruwan gwajin daidai da yawan madarar, sannan ka juya farantin a hankali na sakan 10. Idan haɗin ya zauna ruwa, sashen lafiya yake. Idan ya fara kauri yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, akwai ciwo, idan kuwa ya dunƙule a tsakiyar gurbin ya ƙi zuba, ciwon ya yi nisa. A karanta sakamakon nan take domin yauƙin yakan warware idan aka daɗe. Kada a yi gwajin a kan dakashi a kwanakin farko bayan haihuwa, ko a kan saniyar da madararta ta kusa ƙafewa, domin a waɗannan lokuta ƙwayoyin kan yi yawa ko babu ciwo. Ka yi wa shanunka tara, sashe 36 ke nan idan duk ana tatsarsu, ka rubuta sakamakon kowane a littafi, ka riƙa maimaitawa duk wata.

Gwajin faranti yana nuna akwai ciwo, amma ba ya faɗin wace ƙwaya ce ko wane magani take ji. Wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma ga saniyar da ciwonta ya dawo, ya zama dole. A ɗebi madarar kafin a ba da kowane magani: a wanke kan nono a tsane shi, a zubar da tsirtuwa 3, a goge bakin ramin sosai da auduga mai sifirit, a tatsa a cikin sabuwar kwalbar gwaji ana riƙe da ita a karkace don kada datti ya faɗa, a rubuta sunan saniya da sashen, a sa a ƙanƙara a kai da wuri. Cikin kwana 2 zuwa 3 ake samun amsa. Asibitin dabbobi na Gwale ko na Kundila za su iya nuna maka inda za a kai.

Game da magani, ciwon da bai taɓa jikin saniya ba, wanda ya tsaya a hantsa, ana yi masa ne da maganin bututu da ake matsawa ta ramin kan nono. A tatse sashen tas, a goge bakin ramin da sifirit, a sa ɗan bakin bututun kaɗan kawai ba duka ba, a matse, sannan a cika adadin kwanakin da aka rubuta ko da madara ta washe tun rana ta biyu. Bututu ɗaya na sashe ɗaya ne. Kada a zuƙo maganin allura daga kwalba a ɗura ta kan nono da sirinjin da aka yi amfani da shi, domin ta haka ake shigar da ƙwayoyin da babu maganin da ke kashe su, kuma kada a zura kara ko tsinke da sunan buɗe hanya. Allurar oksitetarasaikilin mai daɗewa a jiki da aka saba yi wa kowane ciwo ba ta cika warkar da tsohon ciwon Istafilokokus ba, illa dai ta daɗe tana fita a cikin madara. Wannan ya kawo mu ga ƙorafin mai sayen madararka, domin ragowar magani yana kashe ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo ko yogot, kuma tafasawa ba ta kawar da shi. Kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a zubar da madara bayan an gama, ga yawancin maganin bututu kwana 3 zuwa 4 ne, na allura kuma yakan fi haka. Madarar sassan huɗu duka ake zubarwa, ba ta sashen da aka yi wa magani kaɗai ba. Na san zubar da madara yana da ciwo ga mai ciyar da shanu da kuɗin dusa da harawa, amma wannan madara yara ne za su sha ta a fura da koko, kuma hakkinsu yana wuyan wanda ya sayar.

Tsarin kare garke da duniya ta dogara da shi an gina shi ne a wata cibiyar binciken madara da ke kusa da garin Redin a Ingila a shekarun 1960, kuma ginshiƙansa biyar ne: gaggauta magance wadda ta kamu tare da rubutawa, tsoma kan nono a maganin kashe ƙwayoyi bayan kowace tatsa, sa maganin bututu a ranar da aka daina tatsa, fitar da masu tsohon ciwo daga garke, da kula da lafiyar injin tatsa. Ga mai tatsa da hannu, hannun ne ke matsayin injin. Mai tatsa ya yanke farce, ya wanke hannu da sabulu kafin ya fara da kuma tsakanin saniya da saniya, ko ya sa safar hannu ta roba wadda ta fi saurin wankuwa. Kowace saniya ta samu tawul ɗinta, a wanke shi a tafasa a shanya a rana. Kan nono kawai ake wankewa, a tsane shi sarai, domin ruwan da aka kwara wa hantsa duka gangarowa yake da datti ya taru a bakin ramin. A tatsa da cikakken tafin hannu, a bushe, cikin natsuwa, a gama cikin minti 7 ko 8 kafin saniya ta janye madararta. A bi jeri kullum: karsanai masu haihuwar fari da lafiyayyu a gaba, waɗanda faranti ya nuna a bayansu, mai kumburi a ƙarshe da bokitinta daban.

Da an gama, a tsoma kowane kan nono a ruwan aidin na musamman don wannan aiki, mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari, wanda aka haɗa da gilisarin saboda tsagewar hunturu. A ganina, cikin duk abin da na lissafa babu wanda ya kai wannan amfani idan aka dubi ɗan abin da ake kashewa a kansa. Idan maraƙi ne ke tsotse ragowar madara bayan tatsa, kamar yadda ake yi da Bunaji, babu laifi, yana ma taimakawa wajen ƙwalƙwale hantsa, sai dai a tsoma bayan ya gama, kuma kada a bar shi yana zagaya iyaye. Sannan a zuba musu abinci nan take domin su tsaya a tsaye har ramin ya rufe. A kwashe kashi safe da yamma, a yi wa daɓen gangara da magudana kafin damina ta kankama, a yaƙi ƙuda da kaska.

Saniyar taka da ciwon ke dawowa, damarta mafi kyau ita ce lokacin hutun tatsa. Idan ya rage kwana 45 zuwa 60 ta haihu, a daina tatsarta, a sa wa sassan huɗu maganin bututu na musamman na hutu, wanda ke zama makonni a cikin hantsa yana aiki, kuma wannan ba a taɓa sa shi ga saniyar da ake tatsa. Bayan ta haihu da mako guda a sake yi mata gwajin faranti. Idan sashen ya washe, alhamdu lillahi. Idan kuwa ya sake yauƙi, ko ciwon ya bayyana sau uku a tatsar haihuwa ɗaya, ko sashe biyu sun yi ƙullutu, shawarata ita ce a rabu da ita ga mahauta bayan kwanakin magani sun fita daga jikinta. Kada a kai ta kasuwa a sayar wa wani mai neman saniyar tatsa a ɓoye masa aibinta, domin addini ya hana, kuma garkensa za ta lalata.

Kai ma idan ka tashi mayar da gurbinta, ko daga Wudil ko Dambatta ko wata gona za ka saya, ka tafi da farantinka da kwalbarka. Ka tatsa kowane kan nono da hannunka ka tabbatar huɗun suna zuba, ka shafa hantsar bayan an tatse ta, ka yi gwajin a gaban mai ita. Idan ka kawo ta gida, ka ɗaure ta a turke daban na mako 2 zuwa 3, a riƙa tatsarta bayan lafiyayyun shanunka da nata tawul, ka sake gwada ta kafin ka haɗa ta da sauran.